Wa Ya Gina Ganuwar Nan?

 

Ya ku ƴan'uwa, duk wanda ya yi tafiya tsakanin Birnin Ƙonni da Damagaram, ko ya tsallaka iyaka ya nufi Katsina da Zazzau, ba zai rasa ganin wani tudun ƙasa mai tsawo ba, wanda ya miƙe ya lanƙwasa kamar an zana shi, gefensa kuma ga kwari inda ciyawa ta fi kore da damina. Wani wuri manoma sun nome shi har ya kusa bajewa, wani wuri yana nan tsaye ya fi tsawon mutum a kan raƙumi. Wannan tudu ganuwa ce, kwarin kuwa gwalalonta ne. Kalmar birni kanta daga nan ta samo ma'anarta, domin a bakin mutanen da, gari bai zama birni sai an kewaye shi.

In ka tsaya a gindin irin wannan kufai ka tambayi wanda ke kiwo ko noma a wurin wa ya gina shi, da wuya ka tafi ba amsa. A ƙasar Zazzau za a ce maka Amina ce. A yamma a ce Kanta ne. Wajen tafkin Cadi a ce mutanen Sau ne, ƙattai waɗanda ke ɗaukar giwa a kafaɗa. Akwai kuma mai rage murya ya ce maka aikin aljannu ne, cikin dare ɗaya aka wayi gari aka gan shi. Wanda ya fi ƙaranci cikin masu amsawa shi ne mai cewa Allah ne masani, shi dai haka ya tashi ya iske ta.

Tambayar da muke so mu tsaya a kanta ita ce: ya halatta ga mutum ya cike gurbin abin da bai sani ba da labari mai daɗi, in dai labarin bai shafi hukuncin addini ba, kuma waɗanda ake magana a kansu sun daɗe da zama ƙasa? Da yawa daga cikinmu za su ce wannan ƙaramin al'amari ne, hira ce ta gindin bishiya. Mu a wurinmu ya fi haka nauyi, kuma ganuwa ita ce wurin da ya fi dacewa a ga nauyin.

Mu fara da Amina, tunda sunanta ya fi yawo. Abin da ake faɗa shi ne, duk inda ta yi zango da rundunarta sai ta sa a kewaye wurin da ganuwa, shi ya sa har yau ake kiran tsofaffin ganuwoyi da yawa ganuwar Amina. To, amma a wane zamani ta rayu? Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka tattara da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, ya sanya ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wajen 1421 zuwa 1438. Masu bin lissafin da ya ce ita ɗiyar Bakwa Turunku ce sun kawo ta ƙarni na 16. Tsakanin maganganun biyu akwai fiye da shekara 100. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Allah ya jiƙansa, ya ambace ta cikin Infaƙul Maisuri wajen 1812, a matsayin wadda ta ci garuruwa da yaƙi, amma shi ma tsakaninsa da ita ƙarnoni ne. Wannan bai sa mu ce ba a yi Amina ba, domin ambatonta ta hanyoyi daban daban yana ƙarfafa cewa an yi ta. Sai dai wanda malamai suka saɓa kan ƙarnin da ya rayu, da wane ƙarfin hali za mu nuna wani tudu a wani ƙauye mu ce hannunsa ne ya aza shi?

Wannan ɗabi'a ta laƙa wa gini babban suna tana ko'ina, kuma mafi ban mamakin misalinta yana kudu, a ƙasar Yarabawa. A yankin Ijebu akwai wata ganuwa da gwalalo da ake kira Eredo, tsawonta ya kai kilomita 160, ta ratsa kurmi da fadamu ta kewaye ƙasar baki ɗaya. A wasu wurare, daga ƙasan ramin zuwa saman tudun ya kusa mita 20. Mutanen wurin suna cewa wata mata ce mai dukiya, wadda ba ta haihu ba, ana kiranta Bilikisu Sungbo, ta sa aka haƙa domin a riƙa tunawa da ita. Daga nan wasu suka ƙara taki ɗaya suka ce ai ita ce Bilƙisu sarauniyar Saba'i, wadda ta zo wurin Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Akwai kabarin da ake danganta mata a wani gari mai suna Oke-Eiri, mutane suna kai masa ziyara, har da Musulmi.

Ku duba yadda abin ya gangaro daga hira ya iso ƙofar tafsiri. Ƙissar sarauniyar tana cikin Suratun Namli, kuma Alƙur'ani bai ambaci sunanta ba, malaman tafsiri da na tarihi ne suka kawo sunan Bilƙisu. Saba'i kuwa a Yaman take, inda kufan madatsar ruwa ta Ma'arib yake har yau. Zamanin Annabi Sulaimanu yana wajen shekara 3,000 da suka wuce. Ita kuma Eredo, binciken farko da aka yi mata a ƙarshen ƙarni na 20 ya ba ta shekara 1,000 da ɗoriya, wani binciken da ya biyo baya ya kawo ta ƙarshen ƙarni na 14 zuwa farkon na 15. Ko wanne aka ɗauka, tsakaninta da Annabi Sulaimanu akwai kusan shekara 2,000 ko fiye. Duk da haka yaro zai ji wannan labari daga bakin babba, ya haɗa shi da abin da ya karanta a makarantar allo, ya girma bai iya raba abin da aka saukar da abin da aka ƙaga ba. Wanda ya ce hirar kufai ba ta taɓa addini, ga inda ta taɓa shi.

Ta yaya masu bincike suke sanin shekarun tudun ƙasa? Yana da kyau mu san wannan, don kada mu ƙaryata su da jahilci, kada kuma mu gaskata su fiye da abin da su kansu suka faɗa. Suna yanka ganuwar daga sama zuwa ƙasa kamar yadda ake yanka kabewa, su duba yadda ƙasar ta hau kan juna hawa hawa, su tsinci gawayi da ƙashi da fasassun tukwane. Duk abin da ya taɓa rayuwa, itace ne ko dabba, akwai wani sinadari a jikinsa da ke raguwa bayan mutuwarsa bisa ƙididdiga sananniya, rabinsa yana ƙarewa cikin shekara wajen 5,730. In aka auna abin da ya saura a gawayin, sai a ƙiyasta yaushe itacen ya mutu. Amma gawayi yana ba da shekarun itacen ne kawai. In an same shi ƙarƙashin ganuwa, abin da ya tabbatar shi ne ganuwar ta zo bayansa, ko da shekara ɗaya ko da shekara ɗari biyar. Ga kuma wata matsala da kowane mai ɗakin ƙasa ya sani: ginin laka kullum cikin gyara yake. Damina ta zaftare, rani a yaɓe, jikoki su ƙara a kan na kakanni, har ya zama ganuwa ɗaya tana ɗauke da hannun ƙarni uku ko huɗu. Shi ya sa masu bincike biyu za su haƙa ganuwa guda a wurare biyu su fito da shekaru biyu, ba tare da ɗayansu ya yi ƙarya ba.

Da irin wannan awo aka gano abubuwan da ba wanda ya yi zatonsu. A ƙasar Barno, a wani wuri da ake kira Zilum, an iske alamar gari mai gwalalo a kewaye wanda ya yi wajen shekara 2,500, tun kafin a ji sunan wani sarki daga sarakunan da marokanmu ke wasawa. A nan ƙasarmu, a yankin Damagaram, akwai Kufan Kanawa, wanda bangonsa na duwatsu ne, mutanen wurin suna cewa nan Kanawa suka fara zama kafin su gangara kudu. Da aka haƙa shi a farkon shekarun 2000, awon ya nuna an zauna a wurin tsakanin ƙarni na 14 da na 17, alhali littafin tarihin Kano yana cewa Sarki Gijimasu ya fara ganuwar Kano tun farkon ƙarni na 12, ɗansa ya ƙarasa ta, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarshen ƙarni na 15. Sunan kufan yana faɗin abu ɗaya, ƙasar tana faɗin wani, kuma mai hankali yana riƙe su biyun ya jira ƙarin bayani.

Yanzu mu ajiye waɗannan mu dubi wani rami da dukanmu muka sani. A shekara ta 5 bayan hijira, ƙungiyoyin Larabawa wajen mutum 10,000 suka nufo Madina, Musulmi kuwa ba su wuce 3,000 ba. Salmanul Farisi, Allah ya yarda da shi, ya kawo shawarar a haƙa gwalalo ta ɓangaren da garin yake a buɗe, dabarar da ya sani a ƙasarsu, Larabawa ba su saba da ita ba. Mun san yadda aka raba aikin, kowane mutum goma aka yanka musu kamu arba'in. Mun san an yi shi cikin sanyi da yunwa har ana ɗaura dutse a ciki. Mun san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗauki ƙasa da kansa har ƙura ta rufe masa jiki, kuma mun san sahabin da ya gani ya faɗa, Bara'u ɗan Azibu. Mun san Jabir ɗan Abdullahi ya yanka ƴar akuya, matarsa ta niƙa sha'ir, ya gayyato shi cin abinci. To, ku tambayi alhazanmu da suka je wurin, kusa da dutsen Sal'u, ko sun ga ramin. Ba su gan shi ba, ya shafe tun da daɗewa, gine gine sun hau wurin. Ramin Handaƙ ya ɓace, sunayen masu haƙarsa suna bakin ƴaƴanmu. Ganuwoyinmu suna tsaye, wasunsu sun fi wancan rami girma nesa ba kusa ba, amma sunayen masu su sun tafi.

Abin da ya raba su isnadi ne. Wanda ya gani ya faɗa wa wanda ya ji, wanda ya ji ya ambaci wanda ya faɗa masa, aka bi mutanen ɗaya ɗaya aka san mai gaskiya da mai mantuwa da mai ƙari. Wannan ita ce babbar ganuwar da malamanmu suka gina wa labari, kuma abin takaici ne a ce al'ummar da ta gaji wannan ilimi ita ce ke sakin baki in an fita daga babin hadisi. Mukan tsananta kan riwaya in muna kan buzun karatu, in muka sauko sai mu ce wai, an ce, kakanni sun ce, mu wuce. Alhali hanin da ya zo cikin Suratul Isra'i, kan bin abin da mutum ba shi da ilimi a kansa, bai ware tarihin kufai ya bar shi a waje ba, kuma ayar ta sanar da mu ji da gani da zuciya duk ababen tambaya ne. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a 32 daga cikinsu, kuma wannan bai rage masa daraja ba a Madina. Mu da muke kan mazhabarsa, sai ga shi tsohon bango ma ya fi ƙarfin mu ce masa haka.

Wani zai ce, to, tatsuniya fa? Ita ma ai ba gaskiya ba ce, kuma da ita aka rene mu. Tatsuniya tana da ladabi. Kafin ta shigo sai ta yi sallama ta ce ga ta nan ga ta nanku, in za ta fita ta ce ƙurungus, kowa ya san Gizo bai taɓa auren Ƙoƙi a wani gari ba. Labarin ganuwa shi kuwa yana shigowa da rigar tarihi, yana nuna wuri da yatsa, yana kiran sunan mutumin da ya rayu ya mutu yana jiran hisabi kamar yadda muke jira. Mai faɗinsa shaida yake bayarwa kan abin da bai halarta ba.

Shaidar nan kuma tana da waɗanda take zalunta, na farkonsu su ne masu aikin. Mu yi ɗan lissafi irin na ƴan makaranta. Mu ƙaddara ganuwa mai tsawon kilomita 1 kacal, tsayinta mita 6, gindinta mita 6, samanta mita 2. In kwando yana ɗaukar kilo 20 na ƙasa, ana bukatar kwando kusan miliyan 2 kafin a tada ta, kuma kowane kwando kan mutum ya hau. Ba a sa ruwan kwaɓi a lissafin ba, wanda mata da yara suka ɗebo a tulu, ko ciyawar da aka tattake a ciki, ko sarƙaƙiyar da aka dasa a gwalalo don ta tare doki. Kududdufan da ke cikin tsofaffin biranenmu, wasunsu ramukan da aka ɗebi wannan ƙasa ne. Wasu sun yi aikin da gayya, suna kare ƴaƴansu daga mahara. Wasu sarki ya aza wa unguwarsu ko ƙauyensu rabo, su gyara bayan kowace damina ko suna so ko ba su so. Wasu kuwa bayi ne, an kamo su daga garuruwan da ba su da ganuwa, aka sa su gina wa wanda ya kamo su. Akwai hikayar da ake bayarwa cewa Kanta ya tilasta wa Abzinawa su ɗebo ruwan gina Surame tun daga ƙasarsu. Ko da ba haka ta faru ba, waɗanda suka riƙe hikayar sun riƙe ɗacin aikin dole a cikinta.

Duk lokacin da muka ce Amina ta gina, ko Kanta ya gina, mun tattara gumin dubban mutane mun miƙa wa mutum ɗaya wanda mai yiwuwa bai taɓa laka da hannunsa ba. In muka ce aljannu ne ko ƙattai, mun fi haka muni, domin mun cire aikin daga hannun ƴan Adam ɗungum, kamar muna cewa kakanninmu ba za su iya ba. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 808 bayan hijira, ya yi wa wannan tunani raddi a Muƙaddimarsa. Ya nuna cewa jama'a in sun ga manyan gine ginen mutanen da, sai su zaci jikunansu sun fi namu girma, alhali sirrin shi ne tara ma'aikata da yawa, da dabarun ɗaga kaya, da kuma cewa babban gini sau da yawa sarki ɗaya ke farawa waɗanda suka gaje shi su ƙarasa. Ya kawo labarin Haruna Rashid da ya ƙudura rushe fadar Kisra, ya tara ma'aikata, ya kasa. Mutumin da ya rubuta haka fiye da shekara 600 da suka wuce, da zai ji mu yau muna maganar ƙattai, da ya yi mamakin inda karatunmu ya tsaya.

Na biyun waɗanda ake zalunta shi ne mai babban sunan da kansa, domin bakin da ya ba shi abin da bai gina ba shi ne ke aza masa abin da ba a tabbatar ya aikata ba. Ganuwar Birnin Damagaram tana cikin waɗanda aka san mai su, Sarki Tanimun ne ya tada ta a tsakiyar ƙarni na 19, shi ne kuma ya sa aka ƙera bindigogin igwa a garin, ya rasu a 1884. Amma akwai labarin da ke yawo, har baƙi suna ɗauka suna rubutawa, wai an binne Alƙur'anai da ƴan mata da ransu a cikin ginin domin ya yi ƙarfi. Ku tsaya ku auna wannan magana. Tuhuma ce ta kisan kai da tsafi da wulaƙanta Littafin Allah, a kan Musulmi, ba shaidu, ba isnadi, kuma irin wannan labari ana ba da shi kan ganuwoyi da gadoji a ƙasashe da dama, abin da ke nuna yana tafiya ne da ƙafarsa yana neman inda zai sauka. Da a kan mai rai aka faɗe ta a gaban alƙali, da an nemi hujja ko a hukunta mai faɗi. Mutuwar mutum ba ta halatta naman jikinsa ba. Ba muna wanke sarakunan wancan zamani ba ne, domin kamun bayi da sayar da su da aka yi a Damagaram da sauran masarautu abu ne tabbatacce, kuma ya isa abin kuka. Wanda ke son ya yi wa azzalumi hisabi, abin da ya tabbata ya ishe shi, in ya ƙara da ƙage ya ba masu kare zaluncin ƙofar da za su ƙaryata duka.

Akwai kuma wani ɓangare na ƴan'uwa masu kishin tauhidi, da ke cewa tunda wuraren nan sun zama matattarar camfi, ana binne layu a ƙofofinsu, ana yanka a gindinsu, gara su baje a huta. Kishinsu abin yabo ne, kuma suna da abin kafa hujja, domin an ruwaito Sayyidina Umar ya sa an sare itaciyar da mutane suka riƙa zuwa suna salla a gindinta da sunan ta Bai'atur Ridwan ce. Sai dai abin da ya kamata a rushe shi ne camfin, kuma ilimi ne ke rushe shi. Mutumin da ya san kwando da tulu ne suka tada ganuwa ba zai yanka mata baƙin bunsuru ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta Hijir, gidajen Samudawa, a hanyarsa ta Tabuka a shekara ta 9, ya yi umurni da a wuce su da tsoron Allah da gaggawa, bai sa an rushe su ba, suna nan har yau. Amru ɗan Asi ya ci Masar da sahabbai a tare da shi, suka bar dalar Fir'auna a tsaye. Alƙur'ani kuma ya yi ta maimaita umurnin a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi ƙarshen waɗanda suka gabata, kuma ba a duban abin da aka baje.

Izinar da ke cikin ganuwoyinmu ma ba ta da nisa. A 1899 rundunar Faransawa ƙarƙashin Bule da Shanuwan ta auka wa Birnin Ƙonni, ganuwar ba ta hana su ba, aka yi kisan da har yau ake jin zafinsa. A shekarar nan dai aka yi yaƙin Tirmini, Damagaram ta faɗa hannun Nasara da ganuwarta da igwoginta. A 1903 Ingilishi suka fasa ƙofar Kano da igwa suka shiga a yini ɗaya, ginin da aka yi ƙarnoni ana ɗorawa. Maraɗi kuwa ruwa ne ya tashe ta, ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin da ke cikin fadama, aka hau tudu.

Yau abin da ke cin ganuwa ya fi igwa haƙuri. Mai amalanke ne ke zuwa da asuba ya sari gindinta ya kai wa masu tubali, mai kuɗi ya sayi fili a kanta ya kafa shago, unguwa ta mai da gwalalo juji har ya cike, in damina ta yi ƙarfi ruwan da ya saba kwanciya a wurin ya shiga ɗakunan mutane. Ba za mu tsananta wa talakan da ke neman ƙasar da zai rufa wa iyalinsa asiri ba, haƙƙin mai rai yana gaba da na kufai, kuma hukuma ce ya kamata ta nuna masa inda zai ɗiba. Wanda ya sa hannu a takardar sayar da abin da ba na ubansa ba, shi ne abin tambaya. Amma kowa ya san wannan: tunda ba a bar mana isnadi ba, ganuwar ita kaɗai ce shaidar da ta halarci ginin kanta. Gawayin da ke cikinta da tsingaron tukwanenta su ne bakinta. Duk amalanken da ya fita da ƙasarta ya tafi da wani abu daga amsar, kuma ba a mai da shi.

Abin da ya saura a hannunmu shi ne na kusa, kuma ɗaliban madarasunmu sun fi kowa cancantar ɗaukarsa, domin sun karanta musɗalahul hadisi, sun san bambancin na gani da na ji da an ce. Su ɗauki littafi da alƙalami su zauna gaban tsofaffi, su rubuta sunan mai faɗi da shekarunsa da garinsu, da wanda ya faɗa masa, da ko wancan ya gani da idonsa ko shi ma ji ya yi. In tsoho ya ce aljannu ne, a rubuta cewa wane ya ce aljannu ne, wannan gaskiya ce game da abin da ya faɗa. In biyu suka saɓa a rubuta duka biyun, kada a zaɓi mai daɗin. A tambayi sunayen ƙofofi da inda suke, da gidan da ke riƙe da sarautar ƙofa, da unguwar da ke gyaran wane ɓangare, da kududdufin da aka ɗebi ƙasarsa. Wanda aka haifa a 1940 ya iske kakannin da suka ga shekarar 1899 da idonsu, suka ga ganuwar Ƙonni da ta Damagaram a tsaye da ƙofofinsu. Tsakaninmu da wannan gani mutum biyu ne kacal, isnadin da malaman hadisi ke yin tafiyar wata guda don su samu irinsa. Masu shi sun haura shekara 80, suna sahun gaba a masallatanmu, su ne waɗanda ke jingine da ginshiƙi bayan sallar Azahar suna jiran La'asar.